Ƙarin albashi ko kuɗin magani: abin da ma'aikatan gwamnati ke aunawa a zangunan Akra

Duk lokacin da gwamnatin Gana da ƙungiyoyin ƙwadago suka tashi daga teburin ciniki, adadi ɗaya ne ke fitowa a kanun labarai, wato kashi nawa aka ƙara wa albashi. A 2023 kashi 30 cikin 100 ne, a 2024 kashi 23 wanda ya koma 25 a tsakiyar shekara, a 2025 kuma kashi 10. Sai dai malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Nima ko Maamobi suna da wani lissafi na biyu da ba a sanarwa a ranar: nawa zai fita daga aljihu idan ciwo ya shigo gida. A shekarun da gwamnati ke tsuke bakin aljihu, waɗannan lissafai biyu daga tukunya ɗaya suke ɗiba. Ga yadda tsarin yake, da dalilin da ya sa zaɓin ke da wuya.

Unguwannin da mutanensu

Nima da Maamobi na daga cikin manyan zangunan birnin Akra, wanda Hausawan Gana da yawa ke kira Ankara. Nima ta kafu ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya samu fili daga hannun wani gida na ƙabilar Ga, ta kuma bunƙasa bayan yaƙin duniya na biyu da zuwan baƙi daga arewacin ƙasar da ƙasashen maƙwabta. Hausa ce harshen kasuwa da masallaci tsakanin Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Kotokoli da Mosi da Dagomba da sauransu. Tun 2018 Nima na ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma tana Ayawaso ta Arewa.

Galibin mazauna waɗannan unguwanni sana'ar kansu suke yi: fatauci, fawa, ɗinki, tuƙi, sayar da abinci. Masu albashin gwamnati tsiraru ne. Akwai malaman makarantun gwamnati, har da makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Islamiyya na hukumar ilimi ta ƙasa, akwai ma'aikatan jinya da ungozoma irin na Babban Asibitin Maamobi, da ma'aikatan ƙananan hukumomi da na ma'aikatu. Da yake a babban gida ba kasafai ake samun mai albashin wata fiye da ɗaya ko biyu ba, duk wata lalura a kansa take sauka, daga kuɗin asibitin tsohuwa har zuwa ɗan'uwan da ya zo jinya daga Tamale ko Dosso. Shi ya sa abin da aka yanke a teburin ciniki ke shafar mutanen da ba su taɓa ganin takardar albashi ba.

Yadda ake yanke albashi

Tun watan Janairun 2010 yawancin ma'aikatan gwamnatin Gana suna kan tsarin albashi na bai ɗaya, wanda ake kira Single Spine, mai matakai 25. Hukumar daidaita albashi da aka kafa da dokar 2007 ita ce ke wakiltar gwamnati, tare da ma'aikatun kuɗi da na ƙwadago. A ɗaya ɓangaren akwai haɗakar ƙungiyoyin ƙwadago, da babbar ƙungiya ta TUC a gaba. Abin da suke ciniki a kai shi ne albashin tushe, kuma duk kashin da aka amince da shi yana hawa kan kowane mataki.

Ban da wannan akwai tebur na biyu, inda kowace ƙungiya ke zama ita kaɗai da gwamnati a kan sharuɗɗan aiki: alawus na sufuri, na kayan aiki, na zama a ƙauye, da abin da ya shafi jinyar ma'aikaci. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuwa wani kwamiti ne na ɓangarori uku ke yanke shi, kuma ya tashi daga sidi 13.53 a rana a 2022 zuwa 19.97 a 2025.

Tsarin na bai ɗaya ya ɗaga albashin ma'aikata da yawa a farkonsa, amma cikin shekaru uku kuɗin albashi ya cinye fiye da rabin harajin da gwamnati ke tarawa. A 2014 ba a ƙara albashin tushe ba, sai aka ba da alawus ɗin tsadar rayuwa na kashi 10. A watan Afrilun 2015 Gana ta shiga shirin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, na kusan dala miliyan 918, kuma rage nauyin albashi na cikin sharuɗɗansa. A wannan shekarar ce likitocin gwamnati suka yi yajin aikin kusan mako uku, suna neman a rubuta masu sharuɗɗan aiki.

Shekarun matsi, 2021 zuwa 2025

Bayan annobar korona, an ƙara kashi 4 a 2021 da kashi 7 a 2022. Ana cikin haka farashi ya yi tashin gwauron zabo, darajar sidi ta faɗi. Ranar 4 ga Yulin 2022 ƙungiyoyin malamai huɗu suka shiga yajin aiki suna neman alawus ɗin tsadar rayuwa na kashi 20, bayan kwana goma aka daidaita a kan kashi 15, daga Yuli zuwa Disamba. A watan Disamban ne hauhawar farashi ta kai kashi 54.1, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin da ake bin ta a waje, ta kuma ɓullo da shirin sauya takardun bashin cikin gida. Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi barazanar yajin aikin gama-gari kafin gwamnati ta amince ta cire asusun fansho daga shirin. A watan Mayun 2023 IMF ta amince da sabon lamuni na dala biliyan 3.

Ana iya ganin abin da wannan ya yi wa aljihu da lissafi mai sauƙi. Wanda ke karɓar sidi 100 a ƙarshen 2021, ya koma 107 a 2022, da alawus ya kai kusan 123. Amma kayan da ake saya sidi 100 sun koma 154. Ke nan ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin sayensa. Da aka zo cinikin 2023, ƙungiyoyin sun fara da neman kashi 60, aka tsaya a kan 30, amma alawus ɗin tsadar rayuwa ya ƙare. Albashin tushe ya tashi daga 107 zuwa 139, wanda ke nufin abin da ya ƙaru a hannu bai wuce kashi 13 ba. Hauhawar farashi ta tsaya sama da kashi 23 a ƙarshen 2023 da ƙarshen 2024, ba ta sauko ƙasa da kashi 10 ba sai a watannin ƙarshe na 2025. A watan Fabrairun 2025 Shugaba John Mahama da kansa ya halarci zaman ciniki, ya roƙi ma'aikata su karɓi kashi 10 saboda halin da baitulmali ke ciki.

Ina kuɗin lafiyar ma'aikaci ke fitowa?

Kafin 2003, a asibitin gwamnati sai ka biya kafin a duba ka. A wannan shekarar ce gwamnatin John Kufuor ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, wadda aka sake fasalinta a 2012 aka wajabta wa duk mazaunin ƙasar yin rajista. Manyan hanyoyin kuɗin shirin biyu ne: harajin kashi 2.5 a kan kayayyaki da ayyuka, wanda kowa ke biya idan ya yi sayayya, da kuma wani kaso daga kuɗin fanshon ma'aikata.

A nan ne cinikin farko tsakanin kuɗin ma'aikaci da lafiyarsa ya faru. Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi adawa da taɓa kuɗin fansho a 2003. Abin da aka ba su a madadi shi ne, duk mai zuba kuɗi a hukumar fansho ta SSNIT ba zai biya kuɗin inshora na shekara ba, sai ɗan kuɗin rajista ko na sabunta kati.

Bisa dokar fansho ta 2008, ana cire kashi 5.5 na albashin tushe daga ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 13, ya zama 18.5. Kashi 5 na tafiya asusun fansho na mataki na biyu, 13.5 na zuwa SSNIT, wadda ke miƙa 2.5 daga ciki ga hukumar inshorar lafiya. A ɗauka, don misali, albashin tushen wani malami sidi 2,000 ne. Za a cire masa 110, gwamnati ta zuba 260, daga jimillar 370 ɗin kuma sidi 50 ne ke tafiya inshorar lafiya duk wata. Malamin ba ya ganin wannan 50 ɗin a hannunsa, amma kuɗin guminsa ne.

Akwai abin lura biyu a nan. Na farko, ƙarin da aka yi a albashin tushe yana ƙara fansho da kuma abin da ke shiga asusun lafiya, alhali alawus ɗin tsadar rayuwa ba ya ƙara ko ɗaya. Wannan ne ya sa alawus ya fi wa gwamnati arha a lokacin matsi. Na biyu, sassaucin na ma'aikacin ne shi kaɗai. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 da tsofaffin da suka kai 70 da mata masu juna biyu, waɗanda aka fara yi wa haihuwa kyauta a 2008, duk ba sa biyan kuɗin shekara. Amma matar malamin da ke sayar da koko da ƙosai, da ƙaninsa direba, da mahaifiyarsa 'yar shekara 62, kowannensu sai an biya masa nasa, kuma an san aljihun da za a duba.

Abin da kati ke biya da abin da ba ya biya

Katin NHIS na ɗaukar ganin likita, kwanciya a asibiti, haihuwa, tiyatar da aka saba yi, da magungunan da ke cikin jerin hukumar. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, hawan jini da ciwon suga duk suna ciki. Hukumar na cewa shirin ya ƙunshi kusan kashi 95 na cututtukan da ake fama da su a ƙasar.

Ragowar kashi 5 ɗin su ne masu karya gida. Dashen gaɓoɓi, tiyatar zuciya da ta ƙwaƙwalwa in ba ta hatsari ba, jinya a ƙasar waje, da yawancin nau'o'in ciwon daji ba sa cikin jerin asali. Na mama da na bakin mahaifa ne aka saka tun farko, sai a 2021 aka ƙara wasu guda huɗu na yara. Wankin ƙoda ma ya daɗe a waje. A watan Satumban 2023 sanarwar ɗaga kuɗin wanki ɗaya daga sidi 380 zuwa 765 a asibitin koyarwa na Korle Bu ta jawo hayaniya a faɗin ƙasar, aka janye ta, daga baya farashin ya tsaya a 491. Mai ciwon kuwa yana buƙatar wanki sau biyu ko uku a mako.

Mu koma kan malaminmu mai sidi 2,000. Ƙarin kashi 10 sidi 200 ne a wata, a cire kuɗin fansho ya koma 189, sannan haraji ya ci nasa. Wanki ɗaya a farashin 491 ya fi ƙarinsa na wata biyu. Da aka mayar da wankin ƙoda kyauta ga masu kati daga 1 ga Disamban 2024, gidan da ke da irin wannan majinyaci ya samu sauƙin da babu wani ƙarin albashi a waɗannan shekaru da zai iya ba shi.

Me ya sa kati shi kaɗai ba ya isa?

Matsalar da ta daɗe tana cin shirin ita ce jinkirin biyan asibitoci. Asibiti ya yi magani, ya aika da takardun neman kuɗi, sai a yi watanni ba a biya ba, farashin magani kuma ya riga ya tashi. Sakamakon haka mai kati kan ji an ce maganin ya ƙare, a rubuta masa ya saya a kemis, ko a nemi ya yi ciko, duk da cewa hukumar ta haramta karɓar cikon. Asibitocin mishan sun sha yin barazanar daina karɓar kati saboda bashin da suke bin hukumar.

Wani ɓangare na dalilin yana cikin dokar kasafi. A 2017 aka kafa dokar da ta ƙayyade cewa duk asusun da aka keɓe wa wasu ayyuka na musamman, har da na lafiya, kada jimillarsu ta wuce kashi 25 na harajin ƙasa, daga baya aka rage zuwa 17.5. Ma'ana, kafin 2025 ba duk harajin lafiyar da mutane suka biya a kasuwa ne ke isa hukumar inshora ba. Wani kaso ya riƙa komawa babban kasafi, wanda daga cikinsa ne ake biyan bashi da albashi. Ta wannan fuskar, wani abu daga ƙarin da ma'aikaci ya karɓa a banki shi ne ya sake fitarwa a kemis. A kasafin 2025 ministan kuɗi Cassiel Ato Forson ya sanar da cire wannan ƙayyadewa daga harajin lafiya, kuma a shekarar aka kafa asusun tallafa wa masu manyan cututtuka da ake kira MahamaCares.

Me ya sa kuɗi a hannu ke rinjaye?

In har kati mai aiki na da wannan daraja, me ya sa ƙungiyoyi ke sa ƙarfinsu a kan kashi nawa? Dalili na farko shi ne buƙatun yau. A Nima da Maamobi, kamar sauran Akra, masu gida kan nemi kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da cewa dokar haya ta 1963 ta tsaya a wata shida. Kuɗin mota, wuta, ruwa da cefane ba sa jira. Ciwo mai tsanani kuwa ba kowane gida yake shiga a shekara ba.

Na biyu, ƙarin albashin tushe abu ne da ake gani a takardar albashi, in bai shigo ba kowa zai sani a ƙarshen wata. Alƙawarin jinya kuwa sai ranar buƙata ake sanin ko yana aiki. Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ma'aikata na da hujjar wannan tunani. Ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma, GRNMA, ta sa hannu kan yarjejeniyar sharuɗɗan aiki a watan Mayun 2024. Shekara ta zagayo ba a aiwatar ba. A farkon Yunin 2025 suka tafi yajin aiki, gwamnati ta ce ba a saka kuɗin a kasafin shekarar ba, aka yi kusan mako biyu asibitocin gwamnati na cikin mawuyacin hali kafin su janye ranar 13 ga wata, bayan kwamitin lafiya na majalisa ya shiga tsakani. Waɗanda suka fi shan wahala a kwanakin su ne marasa ƙarfin zuwa asibitin kuɗi, kuma zanguna cike suke da irinsu.

Na uku, ma'aikata ba ɗaya ba ne. Sabon malami ɗan shekara 26 da ke neman kuɗin aure da na haya ya fi son kuɗi. Wadda ta kusa ritaya, mai hawan jini, ta fi damuwa da magani da fansho. Sojoji da 'yan sanda na da asibitocinsu. Abin da ke haɗa kan kowa a zauren taro shi ne kashi ɗaya da zai hau kan albashin kowa.

Hanyoyin da ma'aikata suka nema wa kansu

Wasu ƙungiyoyin ba su jira gwamnati ba. Ƙungiyar malamai ta GNAT ta kafa asusun ciwon daji da mambobi ke zuba ɗan abu duk wata, ta kuma mallaki asibitin Sweden Ghana Medical Centre da ke Akra, wanda ya ƙware a maganin wannan ciwo. Wannan ma sadaukar da wani abu ne daga albashi don kariya, amma kuɗin na hannun ƙungiyar da malamai ke zaɓen shugabanninta.

Inda babu shawara kuwa, abin ba ya tafiya. A 2018 an fara cire sidi 10 a wata daga albashin ma'aikatan hukumar ilimi don wata inshorar rai da nakasa da manyan cututtuka. Malamai da yawa sun yi ƙorafin ba a nemi yardarsu ba, har aka dakatar da cirewar, daga baya aka ba wanda ba ya so damar ficewa. Sidi 10 ba wani abu ba ne a albashi, amma rashin amana ya sa ya zama rigima.

A cikin unguwa, abin da ke cike giɓin har yanzu shi ne adashi, ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, taimakon da ake tarawa a masallaci, da kuɗin 'yan'uwan da ke Amurka ko Jamus ko Italiya. Suna ceton rai, amma ba su da tabbas, kuma mai albashi ne aka fi sa ran ya zuba kaso mafi tsoka.

Yadda maƙwabta ke yi

Togo ta bi wata hanya. A 2011 ta kafa hukumar INAM don ma'aikatan gwamnati, inda tun farko ake tara kashi 7 na albashi, rabi daga ma'aikaci rabi daga gwamnati, kuma inshorar na ɗaukar abokin aure da yara. Daga Janairun 2024 aka fara faɗaɗa ta ga sauran jama'a. A Kwaddibuwa, inshorar kowa da kowa ta CMU sefa 1,000 ce a wata ga mutum ɗaya, ma'aikatan gwamnati kuma na da tsohuwar ƙungiyarsu ta taimakon juna, MUGEF-CI. Najeriya ta wajabta inshorar lafiya da dokar 2022. Bambancin Gana shi ne ma'aikaci da mai sayar da goro kati iri ɗaya suke riƙewa, layi ɗaya suke bi. In shirin ya gyaru, ya gyaru wa gidan gaba ɗaya, in ya lalace kuma haka.

Abin dubawa idan an sanar da yarjejeniya

Ga ma'aikaci da iyalin da ke dogara da shi, tambayoyi huɗu ne ke nuna ainihin darajar kowace yarjejeniya. Ƙarin a albashin tushe yake ko alawus ne, kuma wani tsohon alawus zai faɗi a madadinsa? Daga wane wata zai fara, kuma za a biya ariyas? An saka kuɗin a kasafin da majalisa ta amince da shi? Sannan, shin harajin lafiya na isa hukumar inshora a kan lokaci, asibitoci kuma na samun kuɗinsu? Tambayar ƙarshe ba ta cikin takardar da ake sa wa hannu a teburin albashi, amma ita ce ke yanke ko ƙarin zai zauna a aljihu.

Abin da ke hannun kowane gida kuwa shi ne kada kati ya mutu. Shekara ɗaya yake yi, kuma tun watan Disamban 2018 ana sabunta shi ta wayar hannu da lambar *929#, ba sai an je ofis ba. Ma'aikacin da ke zuba kuɗi a SSNIT ma sai ya sabunta nasa, domin cire masa kuɗi duk wata ba ya hana katin ƙarewa.